Kek ɗin Kirsimeti da zai yi makonni bai bushe ba, kuma babu giya a cikinsa: yaya ake yi?

Maman_Ladi_Jos

Iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure, ina gaishe ku, ya sanyi? Tambaya ce ke tafe da ni tun kafin Disamba ta kama. Duk shekara ina gasa kek ranar 23 ga wata, in raba wa maƙwabta tare da cincin da nama ranar 25, amma kafin sabuwar shekara sauran da na ajiye wa baƙi ya bushe yana marmashewa, har kunyar miƙa shi nake ji. Wata ƙawata ta ce mini Turawa tun a Nuwamba suke gasa nasu, ya kai Janairu da laushinsa, kuma wai giyar da suke zubawa ce ke riƙe shi. Mu a gidanmu ba a shan giya, kuma yawancin maƙwabtan da nake aika wa Musulmi ne da muka daɗe muna zaman amana, ba zan taɓa ba su abin da addininsu ya hana ba. Shin da gaske giyar ce sirrin, ko akwai hanyar da zan bi in sami kek mai daɗewa ba tare da ita ba? Surukata za ta zo bana, ina so in fita kunyarta.

Gwaggo_Saraya

'Yata, kafin a kai ga maganar Turawa, faɗa mana inda kike ajiye kek ɗin bayan ya huce. Idan a faranti kike barinsa ki rufa masa tsumma, to ba laifin kwaɓinki ba ne, iskar hunturu ce. Iskar da take tsaga leɓe da kaushin ƙafa, wadda take busar da wanki kafin azahar, ba za ta bar danshi a jikin kek ba. Ki bari ya huce sarai, ki naɗe shi da leda mai kyau har sau biyu, ki sa a roba mai murfi, kuma kada ki yanka sai abin da za a ci a lokacin, domin ta wurin yankan yake fara bushewa.

Talatu_a_Ingila

Abin da Gwaggo ta faɗa gaskiya ne, amma, Maman Ladi, kek ɗin da kike gasawa da wanda ƙawarki take magana a kai ba abu ɗaya ba ne ko kaɗan. Namu na gida fulawa ce da ƙwai da bota da sukari, an buga shi ya tashi kamar soso, kuma irin wannan ko a nan Ingila kwana uku ko huɗu ne ƙarfinsa. Na Kirsimetin mutanen nan kuwa busassun 'ya'yan itatuwa ne aka ɗaure su da ɗan kwaɓi. A gwangwani mai faɗin inci 8, abin da nake aunawa shi ne fulawa giram 225, bota giram 225, jan sukari giram 225, ƙwai 4, amma zabibi da sauran busassun 'ya'yan itatuwa da ɓawon lemo da aka dafa da sukari sukan kai giram 900. Kin ga sun ninka fulawar sau huɗu. Sukarin da ke cikinsu shi ne yake kama ruwa ya riƙe, don haka kek ɗin ba ya saurin bushewa, kuma ruwan da sukari ya kama ƙwayoyin funfuna ba sa samun amfani da shi cikin sauƙi. Ana gasa shi a wuta kaɗan, digiri 140 zuwa 150, na tsawon awa huɗu ko fiye, a naɗe gwangwanin da takarda ta waje don kada gefe ya ƙone kafin tsakiya ta nuna.

Maganar Nuwamba ma haka take. Lahadin ƙarshe kafin a shiga makonni huɗun jiran Kirsimeti ita ce ranar da aka saba kwaɓa fudin na Kirsimeti, wani irin kek ɗin zabibi da ake turarawa, kowa a gida ya kama muciya ya juya, kuma da yawa a wannan tsakanin suke gasa kek ɗin. Bayan an gasa sai a tsattsaga samansa da tsinke, a riƙa ɗiga masa giyar barandi duk mako ɗaya ko biyu. Giyar tana ƙara masa kwana, ban musa ba, amma ita ƙari ce a kan abin da sukari da bota suka riga suka yi. Ni baƙin shayi mai ƙarfi nake jiƙa zabibin da shi ya kwana, in tsane, kuma shekara biyar ke nan ina yin haka.

Bulus_Rayfield

Ni ina ganin an tsananta. Ai giyar da aka sa a abinci tana ƙonewa a wuta, ƙamshi kawai take bari, don haka babu abin da zai shiga cikin mai ci.

Talatu_a_Ingila

Malam Bulus, ka yi haƙuri, ba haka abin yake ba. Zafi yana rage ta, amma ba ya kawar da ita gaba ɗaya, musamman wadda zabibi ya tsotse kuma kwaɓi mai kauri ya rufe. Ban da haka, wadda ake ɗigawa bayan an sauke kek ɗin ba ta sake ganin wuta ko kaɗan. Kuma ko da a ce ta ƙone, wanda za a ba shi yana da haƙƙin sanin abin da aka sa a ciki, shi ya sa nake ganin Maman Ladi ta yi daidai da ta cire ta tun daga tushe.

Ummu_Khalil

Maman Ladi, Allah ya saka miki da alheri da wannan kulawa. Ni Musulma ce, a Kaduna na tashi, kuma tun ina yarinya kwanon shinkafa da cincin na maƙwabciyarmu yake shigowa gidanmu ranar Kirsimeti, mu kuma mu kai musu nama da waina ranar Sallah. Mahaifiyata ba ta taɓa tambayar abin da ke cikin kwanon ba, domin matar nan ko kaza za ta dafa sai ta aiko a kira yayana ya yanka. Abin da kike yi shi ne yake sa irin wannan yarda ta ɗore.

A kan tambayar kuwa, bayanin Anti Talatu ya tuna mini da kayan gararmu. Nakiya tana yin watanni a ajiye, kuma babu abin da ke riƙe ta sai zuma ko sukari da man shanu da kuma rashin ruwa, tunda an soya garin shinkafar kafin a kirɓa. Alkaki ma da an soya shi aka tsoma a zuma ko dafaffen sukari mai tsamiya, sai ya yi makonni. Haka dubulan. Ashe hikimar ɗaya ce, iyayenmu sun daɗe da sanin cewa zaƙi da maiƙo su ne maganin lalacewa. Idan abin da kike nema shi ne abin da za ki tarbi baƙi da shi har tsakiyar Janairu, me zai hana ki haɗa da alkaki da gireba, ki bar kek ya zama na ranar bikin kawai?

Malam_Ɗanfilato

Akwai abin da ba a ambata ba, kuma ya shafi duk mai gashi a Jos. Garin nan yana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, kuma a irin wannan tsayi nauyin iska ya ragu. Ruwa yana tafasa a wajen digiri 96, danshin kwaɓi yana saurin tashi, kuma bekin foda yana kumbura kwaɓi fiye da yadda zai yi a Legas. Shi ya sa wani lokaci kek zai tashi da kyau ya faɗa a tsakiya, ko ya fito da manyan ƙofofi ya bushe da wuri. Na yi shekaru ina aiki a gidan burodi, kuma abin da muke yi shi ne rage bekin foda kaɗan, a ƙara madara cokali biyu ko uku, a kuma daina buga ƙwai har ya wuce kima. Hajiya Ummu Khalil ta kawo shawara mai kyau, amma ko kek ɗin ranar bikin ne, wannan gyaran zai ƙara masa kwana ɗaya ko biyu.

Rifkatu_Jamus

Bari in kawo na nan inda nake zaune, domin yana amsa tambayar ta wata fuskar. A Jamus abin da aka fi sani a wannan lokaci shi ne Stollen, kuma wanda ya fi suna na birnin Dresden ne, inda kasuwar Kirsimetinsu ta faro tun 1434. Burodi ne mai yis, mai nauyi, cike da zabibi da almon da ɓawon lemo. Asalinsa abincin azumi ne marar daɗi, saboda dokar ikilisiya ta wancan zamani ta hana cin bota a makonnin jiran Kirsimeti, sai da sarakunan yankin suka roƙi Roma, Fafaroma Innocent na 8 ya ba su izini a wasiƙa a 1491. Yau kuwa ƙa'idar masu gasa na Dresden ta ce botar kada ta gaza rabin nauyin fulawa, kuma ba a yarda a sa majarin a madadinta ba.

Abin da nake so ki ɗauka, Maman Ladi, shi ne abin da suke yi bayan an sauke. Tun yana da zafi ake shafe shi da narkakkiyar bota ta ko'ina, a barbaɗe da sukari, idan ya huce a sake lulluɓe shi da niƙaƙƙen sukari har ya yi fari fat. Wannan rufin shi yake toshe ƙofofin da danshi zai fita. Sannan a naɗe a ajiye a wuri mai sanyi mako biyu ko fiye kafin a yanka, domin ɗanɗanon zabibin da kayan ƙamshin ya ratsa. Da yawa suna jiƙa zabibin da giyar rake, amma tsohuwar da ta koya mini da ruwan tuffa take jiƙa na jikokinta, kuma nata yana kaiwa sabuwar shekara lafiya. Ina ganin ko kek ɗinki na gida kika shafe da bota da sukari haka, za ki ga bambanci.

Suna da wani kuma mai suna Lebkuchen, wanda birnin Nuremberg ya shahara da shi, na zuma da kirfa da kanumfari da citta. Shi idan ya yi tauri, yankin tuffa ake sawa a cikin gwangwanin na kwana ɗaya ko biyu ya sassauto, a cire kafin tuffar ta lalace. A tsofaffin girke-girke ba bekin foda ke tashinsa ba, wani farin gari ne da suke kira Pottasche.

Zainabu_Zinder

Wannan farin garin ba kanwa ba ce kuwa? Mun saba sa kanwa a wake da ɗanwake, ban san ana sa ta a kayan zaƙi ba.

Malam_Ɗanfilato

Sun yi kama a aiki, amma ba su zama ɗaya ba. Wanda Malama Rifkatu ta ambata asalinsa daga tokar itace ake tace shi, don haka ya fi kusa da ruwan tokar da ake sa wa miya. Kanwa kuwa haƙo ta ake yi, kuma ƙarfinta yana bambanta daga wannan dunƙule zuwa wancan, ga ƙasa a cikinta. Ba zan ba kowa shawarar sa ta a kek ba, domin kaɗan ta yi yawa sai ɗaci da warin sabulu su fito.

Gwaggo_Saraya

Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma na ƙaru, amma zan faɗi ra'ayina ko da ba za a so ba. Mu da muka yi Kirsimeti a Kafanchan shekaru da yawa, ba kek ne abin tarbar baƙo ba. Cincin ne da soyayyen nama da shinkafa dafa-duka, ga kunun zaƙi ko zoɓo, masu acca kuma su yi tuwonta ko gwate. Mako guda kafin bikin matan gida da na maƙwabta sukan taru a tsakar gida da dare, wata tana murzawa, wata tana yankawa, wata tana bakin kasko, yara suna kewaye da wuta saboda sanyi. A cika bokiti biyu ko uku, kuma cincin ɗin nan zai kai ƙarshen Janairu, domin shi bushewar iska ma taimakonsa take yi. Wannan kek na zabibi giram 900, nawa za a kashe a kansa? Kuɗin zabibin kaɗai zai sayi fulawar da za ta ishi gida goma cincin. Kuma yaranmu da yawa ba sa son sa, sukan tsince zabibin su zubar. 'Yata, idan surukarki 'yar gida ce kamar mu, hannunki a miya da laushin namanki za ta duba, ba ta da ruwa da kek ɗin Ingila.

Maman_Ladi_Jos

Gwaggo, na ji, kuma cincin ba zai fasa ba, mudu huɗu nake yi kowace shekara. Amsar tambayarki ta farko kuma, a faranti nake bari in rufe da kwano, don haka na ga kuskurena. Sai dai ina so in gwada wanda Anti Talatu ta kwatanta ko da ƙarami ne. Matsalata ita ce oben ɗina na lantarki ne, kuma ba zan iya dogara da wuta ta yi awa huɗu ba ta ɗauke ba. Ko za a iya yin sa a tukunyar yashi?

Asabe_Biliri

Za a iya, Maman Ladi, ni a tukunya nake duk gashina. Ki sami babbar tukunya mai kauri da murfi mai kamawa, ki zuba wankakken yashi busasshe kamar tsayin yatsa biyu a kwance, ki ɗora duwatsu uku ko murfin gwangwani a kai don kada gwangwanin kek ya zauna a kan yashin kai tsaye. Ki bar tukunyar ta ɗauki zafi kamar minti goma sha biyar kafin ki sa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ki raba kwaɓin a ƙananan gwangwanaye biyu ko uku, domin babba ɗaya zai ƙone a ƙasa tsakiyarsa tana ɗanye. Ƙananan sukan nuna cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Idan kurfoti ne, garwashi kaɗan ake so, a riƙa ƙarawa a hankali, a ɗora 'yan kaɗan a kan murfin daga baya don saman ya yi ja. Kada ki buɗe a awar farko. Idan kin soka tsinke a tsakiya ya fito babu kwaɓi, ya yi, amma ki soka wuri biyu, domin wani lokaci zabibi ne tsinken ya huda ya fito da danƙo.

Abu_Maryam_Sudan

Assalamu alaikum. Ni namiji ne kuma ba na gashi, amma abin da Gwaggo Saraya ta kwatanta na taruwar mata da dare shi ne muke gani a nan Sudan kafin kowace Sallah, idan za a yi kaak da sauran biskit na gida. Kiristocin Kibɗawa na nan da na Masar su ma shi suke yi, sai dai su Kirsimetinsu ranar 7 ga Janairu ne, bayan azumin kwana 43 da ba a cin nama ko madara ko ƙwai. Kaak ɗin man shanu ne mai yawa da fulawa, kusan babu ruwa, wani a cusa masa dabino, a barbaɗe da niƙaƙƙen sukari, kuma yana yin makonni a gwangwani. Babu wanda ya taɓa tunanin giya a cikinsa. Na kawo wannan ne don in goyi bayan Ummu Khalil cewa gireba da danginta sun isa su cika wannan gurbi.

Zainabu_Zinder

Na gode da bayanin kanwa, Malam. A Yamai abin da nake gani a shagunan kek a ƙarshen shekara shi ne na Faransawa, wanda ake naɗewa kamar guntun icce a shafe da kirim da cakulan. Yana da kyau a ido, amma saboda kirim ɗin sai a firji, kuma kwana biyu ko uku ne iyakarsa. Don haka ba duk kek ɗin Turawa ne yake daɗewa ba, kada a haɗa su a kwando ɗaya.

Hannatu_Legas

Ina so in ja kunne a kan maganar shayi da ruwan 'ya'yan itace. Bara na bi irin wannan hanya, na gasa a farkon Disamba, sannan na riƙa ɗiga masa ruwan lemo duk mako a madadin barandi, kamar yadda na gani a intanet. Ranar 22 da na buɗe, funfuna ta fito a gefe ɗaya, dole na zubar da shi duka, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai saboda kuɗi da wahalar da na sa. Ruwan lemo ba ya kashe komai, danshi kawai yake ƙarawa. Na san iskar Legas da ta Jos ba ɗaya ba ce, amma duk da haka a yi hattara.

Talatu_a_Ingila

Sannu, Hannatu, wannan asara ce. Na yi kuskure da ban fayyace ba tun farko: shayin na jiƙa zabibi ne kafin gashi kawai, bayan an gasa ba na ɗiga masa komai. Kuma marar giya ba na gasa shi a Nuwamba, sai wajen 12 zuwa 15 ga Disamba, in ci shi cikin mako uku. Wanda yake so ya wuce haka sai ya sa a firiza.

Ummu_Khalil

Game da tsadar zabibi da Gwaggo ta ambata, ai dabino yana nan a kowace kasuwa. A cire ƙwallon, a yayyanka, a jiƙa da shayin nan, a haɗa da soyayyar gyaɗa da ɓawon lemon zaƙi da aka dafa da sukari a gida. Da kirfa da kanumfari da citta da gyaɗar ƙamshi, ina ganin zai fi dacewa da bakin yaranmu ma.

Rifkatu_Jamus

Dabino zai yi, amma ba shi da ɗan tsamin da zabibi yake da shi, kuma idan shi kaɗai ne kek ɗin zai yi zaƙi har ya gundura. Ni da zan yi, rabi da rabi zan sa, in rage sukarin kwaɓin da kamar kashi ɗaya cikin huɗu.

Malam_Ɗanfilato

Idan aka rage sukari da yawa kuma an taɓa abin da yake riƙe danshin, wanda shi ne asalin tambayar. Gara a bar sukarin yadda yake, a ƙara ruwan lemon tsami cokali ɗaya da kankararren ɓawonsa a cikin kwaɓin.

Maman_Ladi_Jos

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Abin da na tsayar shi ne zan gwada ƙaramin gwangwani ɗaya a tukunya a wannan makon, rabi dabino rabi zabibi, in naɗe kamar yadda Gwaggo ta ce, in ga yadda zai kasance bayan kwana goma kafin in yi na bikin. Maganar sukari ce ban san wadda zan bi ba tsakanin Anti Rifkatu da Malam. Kuma Hajiya Ummu Khalil, don Allah ki turo mini yadda kike kwaɓa alkakinki, musamman tsawon lokacin da kike barinsa ya yi tsami a wannan sanyi.

Asabe_Biliri

Tunda gwaji za ki yi, ki raba kwaɓin biyu, ɗaya da cikakken sukari, ɗaya da ragi, ki sa musu alama a jikin ledar. Ki dawo ki faɗa mana wanda ya fara bushewa, domin ni ma ina so in sani kafin in sayi dabinona.